Ranar da Katanga Ya Buɗe Ƙafa

Ba ubansa ne ya raɗa masa Katanga ba, mai askin da ke bakin filin wasa ne. Shi uban magini ne, kuma da an bi ta tasa, da yaron bai taɓa sanin hanyar fili ba. So yake ya gaje shi a kan bulo da siminti. Yaron kuwa yana sauke kwanon yashi daga ka sai ya wanke ƙafa ya ruga wajen ƙwallo. Kowane yaro gaba yake so, ya ci ƙwallo a ɗaga shi sama. Shi da yake ga ƙashi ga rashin surutu, sai aka tura shi baya, can inda ake tura wanda ba a san yadda za a yi da shi ba. Ya je ya tsaya, kuma a nan ya yi rayuwarsa ta wasa gaba ɗaya.

Mai askin nan irin mutanen da ƙwallo ta shiga jininsu ne. Ƙofar shagonsa na kallon ƙofar fili, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ya bar mutum da rabin kai a aske ya tafi leƙo wasa. Wata rana da yamma ya ga 'yan gaba suna zuwa wa yaron ɗaya bayan ɗaya, kowa na komawa ba ƙwallo. Ya ɗaga almakashi sama ya kurma ihu: "Kai, wannan ba ɗan mutum ba ne, katanga ce!" Shi ke nan suna ya bi shi. Har uban nasa, kafin Allah ya yi masa rasuwa, da sunan yake kiransa, yana cewa ko ba komai yaro bai yi nisa da sana'ar gidansu ba.

Wanda bai san ƙwallo ba, bari a faɗa masa abu ɗaya. Mai tsaron baya zai jure a tsere masa da gudu, zai jure a yanke shi, har gida zai iya ci ya kwana lafiya. Abin da ba ya wankuwa shi ne a zura masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, a zagaya a ɗauke ta ta bayansa, ya tsaya a wage 'yan kallo suna shewa. To shi Katanga, tun daga filin unguwa har gwiwarsa ta gaza, ba a taɓa yi masa ba. An tsere masa, an yanke shi, ya taɓa cin gidansu da ka ma, amma wannan ɗaya tak ba mahalukin da ya samu. A karkace yake tsayawa, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ido a kan ƙwallo, ba a kan rawar da mai ita ke yi ba. 'Yan gaba kan cika baki a jarida cewa ranar Asabar za su buɗe shi. Asabar ta zo ta wuce, su koma gida suna cewa fili ne ba kyau.

Kulob ɗaya ya yi wa wasa, na garinsu, shekara goma sha wani abu. In ka ji an ce ƙwararren ɗan wasa, kada ka hango mota mai sheƙi. Hango bas mai yagaggun kujeru, 'yan wasa a cushe gwiwa a ƙirji, ana wuni ana kwana a hanya, shugabanni kuwa sun riga su isa ta jirgi suna miƙe a otal. Ɗakin sauya kayansu, tun zuwansa banɗakin yake a toshe, har ya bar wasa ba a gyara ba. Wari yakan tarye ka tun daga baranda, a ciki kuma ake so mutum ya zauna ya saurari koci yana wa'azin kishin kulob. Ga mai tausa da jakarsa, wanda maganin kowace cuta a wurinsa allura ce. Gwiwa ta kumbura, allura. An yi targaɗe, allura. "Tashi ka shiga, ai kai namiji ne." Hancin Katanga ya karye, haƙoran gaba biyu sun tafi a gwiwar hannun wani, bai taɓa ɗaga hannu ya ce a canza shi ba. Da tafiya ta yi tafiya aka ɗaura masa kambun kyaftin, kuma shi ne kaɗai abin da kulob ya taɓa ba shi ba tare da ya yi ta zarya ba.

Sau ɗaya suka ci kofi. Da aka zo rabon lambobin yabo, kafin 'yan wasa su hau dandamali shugabanni sun hau, da mataimakansu, da abokansu, da wani da aka ce direban wani ne, kowa ya miƙa wuya an rataya masa. Katanga, da yake kyaftin ne, shi ne na ƙarshe a layi don shi zai karɓi kofi. Ko da ya iso, faranti wayam. Wani mai babbar murya ya dafa shi ya ce, "Za a aiko maka da taka." Mutumin da ya faɗi haka, lambar na lilo a kan tumbinsa, kuma ko mai tsaron gidan kulob ɗin ba zai iya nunawa a cikin taro ba. Tir!

Kiran tawagar ƙasa ya zo a makare, kuma ba don Allah ba. Mai tsaron bayan da ke wasa a ƙasar waje ne ya ji labarin filin da za a buga wasan share fage, duk tsakuwa da ramuka, sai ya aiko cewa cinyarsa na ciwo. Nan aka tuna ashe akwai wani a gida. A sansanin horo 'yan waje suna otal, kowa da ɗakinsa. 'Yan gida suna wani tsohon ɗakin kwanan ɗalibai, suna bin layin bokiti da safe. A wajen cin abinci ma tebur daban. Kocin ƙasa ko sunansa bai iya riƙewa ba, "kai mai lamba biyar" yake ce masa.

Aka haɗa shi da ɗan gaban abokan hamayya, wani da ake nunawa a talabijin kowane mako, wanda aka ce ya sa manyan masu tsaron baya kuka. Mutumin ya zo da rawar ƙafarsa, ya gwada ta tsakiya, ƙwallo ta daki dunduniya ta dawo. Ya sake, ya kuma sakewa. Can ya koma zagi da wani harshe, daga baya ya tattara ya koma ɗaya gefen fili don ya huta da Katanga. Aka tashi ba ci. Da aka busa usur, ɗan gaban ya zo ya cire rigarsa ya ba shi, ya buga masa ƙirji da tafin hannu. Katanga bai kai ɗakin sauya kaya da rigar ba. Wani jami'in hukumar ƙwallo ya tare shi a hanya ya ce zai ajiye masa, ɗansa na so ya gani. Har yau ɗan nasa gani yake yi.

Katanga ya buga sauran wasannin share fagen, ƙasa ta samu gurbi a babbar gasa, sai ga cinyar ɗan wajen nan ta warke garau. A rediyon mai aski Katanga ya ji sunayen masu tafiya, babu nasa. Ba wanda ya kira shi ya ce masa sannu da aiki. Daga baya ya je gidan talabijin ya roƙi a ba shi kaset ɗin wasan nan, ko don yaransa su gani in sun girma. Aka yi ta zo gobe, zo jibi, har wani ya gaji ya faɗa masa gaskiya: kaset ya yi ƙaranci, an ɗauki bikin buɗe sabon ofishin hukuma a kansa.

To ka ji. Ba lamba, ba riga, ba hoto mai motsi ko na minti ɗaya. Abin da ya rage masa duka a bakin mutane yake, wato cewa shi ne wanda ba a taɓa buɗewa ba. Mai aski ke riƙe da wannan tarihi. In Katanga ya shiga shagon, tsohon ba ya tashi, ba ya kakkaɓe masa kujera, sai dai ya kurma, "Katanga! Ba ƙofa, ba taga!" Daga nan ya soma ba masu jiran layi labarin ɗan gaban nan, yana ajiye inji yana gwada tsayuwar a tsakiyar shago, yana ƙara gishiri son ransa. Ɗan askin da bai taka kara ya karya ba sai ya cinye hantsi guda. Katanga yakan ce, "Baba, ka ƙarasa mini kaina mana," amma a ransa daɗi yake ji har tafin ƙafa.

Yana zaune da matarsa da yaransu a gidajen kulob, wasu ɗakuna bibbiyu da ke bayan fili, waɗanda ana hango rufinsu daga tsakiyar ciyawa. Matar tela ce. Kekenta na falo kusa da taga, ƙyalle ko'ina, allurai a hannun kujera suna jiran baƙo. Mace ce mai baki, amma duk ranar da ya dawo daga wasa ruwan zafi na kan wuta, ta tsoma tawul ta gasa masa gwiwa tana zagin mai tausa da allurarsa. Duk matan layin nan suke kawo ɗinki, makarantar yara kuma tsallaken titi ce kawai.

Gwiwar ce ta fara cewa ta gaji. Wata rana a wajen atisaye, ba wanda ya taɓa shi, juyawa kawai ya yi ya ji ƙas. Likita ya duba hoto ya girgiza kai, ya ce abin da ke ciki ya cinye, allurai sun ɓoye ciwon ne har ya gama ɓarnarsa. Dokar kulob kuwa ba ta da kunya: wanda ya daina wasa ya bar gida.

Ana cikin haka sai ga sakataren kulob. Wani siriri ne mai yawan turare, wanda in Shugaban kulob ya fara ba da labarin ban dariya, shi yakan riga kowa ƙyaƙyatawa tun ba a kai ƙarshe ba. Ya zauna a falo, ya ture ƙyallaye da ɗan yatsa, ya ce albishir ya kawo. Shugaba zai shirya wa Katanga wasan bankwana, fili cike, sannan a ba shi aikin kocin 'yan baya. Mai aiki a kulob kuwa gidansa na nan daram.

Matar ta ce, "Alhamdu lillahi," ta tashi kawo ruwa.

"Sai dai ɗan abu ɗaya, Kyaftin," in ji sakatare, ya rage murya. "Ka san yadda ake yi a wasan bankwana. Shugaba yakan sa riga ya ɗan shigo, a bar shi ya ci ƙwallo."

Katanga ya sani, ya sha gani. A buɗe wa babban mutum hanya, mai tsaron gida ya faɗi inda ƙwallo ba ta nufa ba, a tafa. Abin kunya ne, amma kunyar da aka saba da ita. Ya ce, "Ba komai. Zan matsa masa."

"Ba matsawa yake so ba." Sakatare ya yi murmushi. "Ya ji ana cewa ba a taɓa zura maka ta tsakiya ba. So yake ya zama na farko."

Katanga ya ɗaure fuska.

"Haba, Kyaftin, wasa ne fa. Kowa ya san wasa ne."

"In kowa ya sani, me zai yi da shi?"

"Babba in ya ga abu yana so, ni da kai ne za mu tambaye shi dalili? Buɗe ƙafa ne kawai, na ƙiftawar ido. Ka yi tunani. Ka dubi iyali."

Shi Shugaban nan ɗan kwangila ne, ya sayi kulob yadda yake sayen agogo, don a gani a hannunsa. Bai taɓa yin gumi a kan ƙwallo ba. Gidaje yana da su, motoci yana da su, 'yan kanzagi har sun yi masa yawa. Abin da ya tsone masa ido shi ne ɗan abu ɗayan nan da wani talaka ke da shi, wanda ba a sayarwa a kanti. Irin wannan kwaɗayi wallahi ya fi na ɓarawo ƙazanta, don shi ɓarawo ko ba komai abin da zai amfane shi yake ɗauka.

Da sakatare ya fita, matar ta dire kofin ruwan har ya fantsama a kan ɗinkin mutane. Ta ji komai. "Wannan wulaƙanci ne," in ji ta. "Baban yara, kada ka yarda. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa, ya ƙarar da gwiwarsa, ɗan abin da ya rage ma sai an lashe? In ƙarƙashin bishiya ne mu koma."

Ya ji daɗin maganar nan ƙwarai, ya yi kwanaki yana yawo da ita a ransa. Sai wata rana, yana neman takalminsa a bayan ƙofa, ya ga kwalaye a ninke, an jingine su da bango an rufa musu zane. Ashe matar ce ke karɓo su ɗaya-ɗaya wajen mai kanti. Ko sau ɗaya bai ji ta yi ƙorafi ba. Ya kuma lura ta daina karɓar sabon ɗinki, in mata sun kawo sai ta ce a bari tukuna. Da safe ya gan ta tsaye a taga tana kallon yara suna tsallaka titi, ta kuma daɗe a wurin bayan sun shige makaranta. Ya sa takalmi ya nufi ofishin Shugaba.

Ya zaci magana za a yi a tashi. Ina! Shugaba ya ce a gwada tun yanzu. Aka ture tebur, aka kawo ƙwallo sabuwa fil, Shugaba ya cire takalmi ya tsaya da safa a kan kafet, baƙinsa na hakimce a kujeru suna shan lemo. Katanga ya tsaya a gabansa.

"Ƙara buɗewa, Kyaftin," in ji sakatare. "Ƙara dai. Kamar mai tsallake kwata."

Shugaba bai buga ba. Ya ce ba zai ɓata ta farko a cikin ɗaki ba, a ajiye masa ita sai gaban jama'a. Ya dai auna da ido ya gyaɗa kai, sannan ya nuna yadda yake so a faɗi bayan ƙwallo ta wuce: rigingine, hannu biyu a ka. Magidanci, uban yara, kyaftin ɗin kulob, ya faɗi a kan kafet, baƙi suka tafa da kwalaben lemo a hannu. Da ya fito ya tsaya a bakin titi ya yi ta tofar da yawu, amma ɗacin bai bar bakinsa ba.

A gida matar ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Ka yarda ke nan."

"Na yarda."

Ta mayar da kai ta ci gaba da taka keke. Mai aski kuwa, Katanga bai iya gaya masa ba. Sai ya dinga bin ta bayan fili don kada ya wuce ta ƙofar shagon.

Ranar wasa fili ya cika tun rana tsaka. A bakin ƙofa an kafa ƙaton allo, hoton Shugaba daga sama har ƙasa, baki har kunne, Katanga kuwa can a kusurwa kamar kan sarki a jikin ambulan. An kwaso mutane a motoci an raba musu riguna masu fuskar Shugaba. Amma tsofaffin magoya baya ma sun zo, waɗanda suka bi kulob a ruwa da rana. Mai aski ya rufe shago, yana wurinsa na kullum a jikin shingen ƙarfe, bayan raga.

Mai tausa ya yi wa Katanga allurar ƙarshe. Aka fara, tsofaffin 'yan wasa da na yanzu, kuma na ɗan lokaci Katanga ya manta da komai. Gwiwa ta yi shiru, ciyawa na ƙamshi. Wani ɗan gaba mai ji da kansa ya zo masa da rawar ƙafa, ya gwada ta tsakiya, ƙwallo ta daki dunduniya ta dawo. Fili ya ɗauka gaba ɗaya: "Ba ƙofa, ba taga!"

Bayan hutun rabin lokaci aka tsayar da wasa, lasifika ta yi ta zuba kirari, Shugaba ya shigo. Lamba goma a baya, sabon takalmi mai ƙyalli, riga ta kasa rufe cibiya. Aka miƙa masa ƙwallo har ƙafa, 'yan tsakiya suka dare. Ya taho yana tura ta da ɗan yatsan ƙafa, yana haki tun bai kai rabin hanya ba, ƙwararrun 'yan wasa suna zubewa a gefensa ba wanda ya taɓa su. Kai jama'a, abin ba kyan gani.

Katanga ya buɗe ƙafa. Allah shaida ne, ya buɗe. Amma da ƙwallo ta bar ƙafar Shugaba, ƙafarsa ta rufe da kanta, yadda ido ke rufewa in abu ya nufo shi. Shekara da shekaru ta yi tana koyon haka, kuma ita ba ta san an yi wani zama a ofis ba. Ƙwallo ta daki ƙwauri ta koma ta wuce Shugaba. Fili ya fashe. Tsofaffin magoya baya suka zaci da gangan ya yi. Mai aski ya kama shinge yana girgizawa yana ihu har tabaransa ya faɗi. Katanga bai taɓa jin an kira sunansa da ƙarfi haka ba, ko ranar kofi.

Alƙalin wasa ya busa usur. Laifin me? Shi ma bai sani ba. Ya dai nuna wani wuri a ƙasa, ya ɗauko ƙwallo da hannunsa ya ajiye a gaban Shugaba. Sakatare na tsaye a bakin layi. Ya dubi Katanga, sannan ya juya a hankali ya dubi rufin gidajen da ke bayan fili. Katanga ma ya duba. Ana hango shanyar da matarsa ta yi da safe, rigunan makarantar yara a kan igiya.

Ya sake tsayawa. Wannan karon ya wage ƙafa sosai, ya danne dunduniya a ƙasa da duk ƙarfinsa don kada ta sake ci masa amana. Shugaba ya haɗe rai, gumi na ɗiga daga haɓa, ya ja baya ya kai bugu. Ƙasa ya fi samu. Ƙwallo ta mirgino a hankali, a hankali, ta shiga tsakanin ƙafafun Katanga ta tsaya cak. Ba ta wuce ba, ba ta koma ba.

Shugaba ya riƙe ƙugu yana numfashi da baki. "Kyaftin," ya ce ƙasa-ƙasa, "ƙarasa mana."

Katanga ya dubi ƙwallon. Bugu ɗaya zai yi mata ta faɗa titi, abin da ya saba yi ko yana barci. Ya ɗaga ƙafar dama, mai ciwon, ya sa dunduniya ya tura ta baya da kansa. Sannan ya faɗi rigingine ya ɗora hannu biyu a ka, yadda aka koya masa a kan kafet.

Sauran ba sai an faɗa ba. Shugaba ya zagaya, mai tsaron gida ya faɗi tun ƙwallo ba ta iso ba, masu riguna suka yi ta shewa, aka so a ɗaga Shugaba sama aka kasa. Katanga na kwance ya juya kai wajen bayan raga. Mai aski ya saki shinge, yana tsaye yana goge tabaransa da gefen riga. Kewaye da shi kuwa wayoyin hannu ne ba iyaka, kowace a ɗage.

Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana wasa ba a ajiye hotonsa na minti ɗaya ba, kafin rana ta faɗi hotonsa ya zagaye ƙasa. Na yaran Shugaba an yanke an haɗa, an sa masa kiɗa. Na sauran jama'a ya fi muni, don shi ba a yanke komai ba, dunduniyar na nan ƙarara tana tura ƙwallo. In ka nemi labarinsa a waya yau, wannan kaɗai za ka gani. Yaran da ya so ya nuna wa kaset, a makaranta aka nuna musu wannan.

Da ya koma gida ruwan zafi na kan wuta. Matar ba ta je fili ba, amma ihu ya iso mata ta taga, na farko da na biyu, ta kuma san bambancinsu. Ta gasa masa gwiwa ba ta zagi kowa ba. Sai da ta matse tawul na ƙarshe ta ce, "Allah ya isa tsakaninmu da shi." Washegari ta mayar wa mai kanti kwalayensa, ta fara karɓar ɗinki.

Aiki kam an ba shi, a wannan Shugaba bai yi ƙarya ba. An ba shi usur da riga mai rubutu a baya. Kullum da safe yana fili yana ɗingishi, yana koya wa 'yan baya tsayuwa. "A karkace! Ido a kan ƙwallo! Ku rufe tsakiya!" Su kuma su ce, "To, Koci," suna kallon ƙasa, kumatunsu na rawa. Ba wanda ya taɓa yi masa rashin kunya. Da ma sun yi, da ya samu wanda zai huce a kansa.

Ya daɗe bai je aski ba, har matar ta ce kansa ya koma kamar na mai jinya. Ran nan dai ya daure ya tafi da hantsi, lokacin da ba jama'a sosai. Yana sa kai mai aski ya miƙe tsaye, ya ɗauki tawul ya kakkaɓe kujera, abin da bai taɓa yi masa ba.

"Barka da zuwa, Koci. Bismilla."

Ya zauna, inji ya fara ƙara. Tsohon ya yi aikinsa tsaf, bai ajiye inji ba, bai gwada tsayuwar kowa a tsakiyar shago ba. Wani baƙo da ke jira a benci ya dubi madubi, ya dubi wayarsa, ya ce, "Baba, wannan ba shi ne wanda..."

"Kocin 'yan baya ne," in ji mai aski. "Jira layinka."

Kocin ya ɗago ido. Ya nemi idon tsohon a madubi, bai samu ba.

"Baba, kai ma ka san wasa ne. Gidan ne. Yaran ne."

"Na sani, Koci. Wa zai ga laifinka? Ko ni ne, abin da zan yi ke nan." Ya hure gashi daga bakin inji. "Ɗan sunkuyar da kai."

Ya sunkuyar.